Yadda za ku fita daga bashin gida kafin wa'adin banki ya cika

Ranar da muka tare a gidanmu da ke can gefen Kwara Tegi, ko fenti ba a shafa ba, tagar kicin ma buhu muka rataya mata. Duk da haka mun kwana da farin ciki, domin tun aurenmu wannan ne karo na farko da babu mai gidan haya da zai ƙwanƙwasa mana ƙofa farkon wata. Da wata ya mutu albashi ya shigo, sai saƙon banki ya biyo bayansa a salula: an cire kason bashi. Na miƙa wa uwargida wayar. Ta duba, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, haka za mu yi ta yi har shekara 10?"

Tambayar nan ce ta zaunar da mu lissafi. Abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da muka bi, domin matasan magidanta na Yamai da suka ci bashin banki suka sayi fili ko suka yi gini, kuma suke son su sauke nauyin tun kafin yara su kai shekarun da kuɗin lakwal ke yin tsanani. Da yawa daga cikinmu ba da son rai muka shiga bashi mai ruwa ba, tsadar haya ce ta tura mu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da riba ba, yana da dalili biyu na hanzarta fita.

Da farko, ku karɓo jadawalin biya ku karanta shi tare

Duk bashin banki yana da takarda mai layi-layi da ke nuna kowane wata nawa za a cire, nawa ne kuɗin ruwa a ciki, nawa ne ya tafi ga uwar kuɗi, kuma nawa ya rage. Ma'aikatan banki tablo suke ce mata. Mutane da yawa suna sa hannu su jefa ta cikin akwati. Ku fito da ita. In ta ɓata, ku koma wurin mai kula da asusunku ya sake buga muku.

Bari mu ɗauki misali don a ga yadda abin yake aiki. A ce an ba ka sefa miliyan 10, ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara, biya cikin shekara 10. Kowane wata za a cire wajen 126,700, ban da asiransi, wato inshorar bashin, da haraji. A watan farko, 75,000 daga cikin kuɗin nan ruwa ne zalla. 51,700 kacal ke rage bashin. Dalili kuwa shi ne ana lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage a wuyanka, kuma a farko duka bashin yana nan. Bayan shekara 5, ka zuba fiye da miliyan 7 da rabi, kana ganin ka yi rabin tafiya, amma in ka duba layi na 60 za ka tarar ana bin ka sama da miliyan 6. Idan ka bi jadawalin har ƙarshe, ruwan da ka biya zai kai miliyan 5 da jika 200.

A nan ne gaba ɗaya dabarar take. A cikin wannan misalin, in ka kai jika 500 a ƙarshen shekarar farko aka cire ta daga uwar kuɗi, kuma ka ci gaba da biyan abin da ka saba, ka tsira da ruwa na wajen jika 590. In ka jira sai ƙarshen shekara ta 8 ka kai jika 500 ɗin nan, abin da za ka tsira da shi bai wuce jika 90 ba. Kuɗi ɗaya, gumi ɗaya, amma bambancin rabin miliyan. Da sanyin safiya ake kama fara. Shi ya sa nake gaya wa ƙannena cewa shekaru ukun farko su ne na ɗaure ciki, ba na sayen kujerun falo ba.

Na biyu, ku tambayi banki sharuɗɗan biya kafin wa'adi

Kada ku fara tara ko dala sai kun san wannan. Ku buɗe yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, ku nemo sakin da ke magana a kan biya kafin lokaci. Abubuwan da kuke son sani su ne: ana karɓar wani ɓangare, ko sai dai a biya duka gaba ɗaya? Akwai mafi ƙarancin abin da ake karɓa? Akwai tara, kuma kashi nawa ce? Kwana nawa ake so a sanar kafin a kawo kuɗin? Wasu bankuna suna cin tara a kan biyan gaggawa, domin ribar da suka sa rai ce kake hana su. In tarar kashi 2 ce ko 3 cikin 100 na abin da ka kawo, a shekarun farko har yanzu kai ne da riba nesa ba kusa ba. In kuwa bashin ya kusa ƙarewa, sai ka auna, wataƙila ba ta biya.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce wannan: idan na kawo kuɗi, za a rage yawan watanni ne ko za a rage abin da ake cira a wata? Biyun ba ɗaya ba ne. Rage abin cira yana ba ka numfashi yanzu, amma kana nan cikin bashin har wa'adin farko. Rage watanni shi ke kashe ruwa sosai. In albashinka yana ɗaukar abin da ake cira ba tare da gida ya shiga wani hali ba, ka ce a gajarta wa'adi.

Wanda ya bi ta bankin Musulunci kuma, lissafinsa daban ne. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya, an tsayar da jimillar tun ranar farko. Don ka biya da wuri, ba lalle ne a rage maka komai ba. Ka tambaya ko suna yin rangwame ga mai biya kafin lokaci. In ba sa yi, kuɗin da ka tara ya fi amfani a ƙarasa gini ko a ƙara jari.

Mu karon farko kuskure muka yi. Na zuba kuɗi a asusun albashi, na faɗa wa ma'aikacin da baki cewa na bashi ne, ya ce to. Wata biyu kuɗin na zaune, ruwa na ta hawa a kan tsohon lissafi. Tun daga nan ban ƙara yin magana da baki ba. Wasiƙa nake rubutawa, kwafi biyu, a buga mini hatimi da kwanan wata a kan nawa.

Na uku, ku zama baki ɗaya, sannan ku bi sawun kuɗinku

Wannan aiki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Na san magidanta da yawa da matansu ba su san albashinsu ba, balle yawan bashin da ke kansu. To yaya za ka ce wa mace ta rage cefane alhali ba ta san abin da ake nufa ba? Gani za ta yi rowa ce ta same ka, ko kuwa aure kake shirin ƙarawa. Ni na shimfiɗa mata komai: ga albashi, ga abin da banki ke ɗauka, ga abin da nake aika wa su Inna a Tawa. Ranar ce ta ce mini, "Ai da ka faɗa tuntuni." Kuma mu fahimta, ciyarwa da tufatarwa nauyin miji ne. Abin da mace ta samu a sana'arta nata ne. In ta sa a gidan, alheri ta yi, kuma adalci shi ne a rubuta abin da ta sa, kowa ya san matsayinsa.

Sai ku sayi kaye na dala arba'in, ku rubuta duk abin da ya fita daga hannunku har wata guda cur. Kuɗin mai na moto, katin waya da na intanet, buredin safe, shayi da sukari na fada, garuwa in famfo ya ɗauke, sadakar ƙofa, jikar da aka ba ƙani da ya biyo. Kada ku canza komai a watan nan, ku rubuta kawai. Ƙarshen wata ku tara. Kusan kowa yakan sha mamaki, domin ba manyan abubuwa ke cinye albashi ba, 'yan dala ɗari-ɗari ne da ba a lissafa su. Mu abin da ya fi ba mu tsoro sayen abinci ne da ɗai-ɗai: shinkafa kilo-kilo, mai a leda, gawayi ƙulli-ƙulli.

Na huɗu, ajiyar ko-ta-kwana da ƙananan basussuka

Kafin ku kai wa banki ƙarin ko sisi, ku ajiye abin da zai riƙe gida wata 2 zuwa 3. Wanda ya zauna Yamai bayan takunkumin da aka sa wa ƙasar nan a 2023 bai manta layin bankuna ba, da yadda mutum ke da kuɗi a asusu amma ba ya iya fitar da abin da yake so, ga shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. Wanda ya ga ambaliyar 2024 ya san katanga kan faɗi dare ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa duk damina sai ya ziyarci gida mai yara. Kuɗin da ka riga ka kai wa banki ba ya dawowa ranar da yaro ke kwance a likita. In ba ka da ajiya, wani sabon bashin za ka ci, mai ruwa fiye da wanda kake gudu. Wani ɓangare na ajiyar ya kasance a hannu, sauran a asusu.

Haka kuma in akwai bashin ƙananan cibiyoyin lamuni, ko na moto, ko kuɗin da banki ke ba ka kafin albashi ya shigo, su za ku fara kashewa. A 2014 hukumomin kuɗi na yankin sefa na Afirka ta Yamma sun kayyade iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanne ne ya fi cizo. Bashin mai kanti da na 'yan'uwa ma a sauke su, ko da ba su da ruwa, saboda mutunci.

Na biyar, inda kuɗin zai fito

Ku sa wa kanku adadi. A misalinmu na sama, iyalin da ke ware jika 30 a wata, su kai wa banki jika 360 a ƙarshen kowace shekara, za su gama cikin wajen shekara 7 da rabi maimakon 10, kuma ruwan da za su tsira da shi ya kusa miliyan 1 da jika 400, kafin a cire tara in akwai. Wanda ba ya iya 30 ya fara da 10. Abin da ake so shi ne a cire shi ranar da albashi ya shigo, ba a jira abin da ya saura ba, don ba a taɓa samun saura.

Babbar ƙofar da muka samu ita ce kaka. Daga Oktoba zuwa Disamba hatsi da wake suna araha, daga bazara zuwa tsakiyar damina kuwa tiya tana tashi. Muna aika kuɗi gida a saya mana hatsi da wake na shekara, a ɗoro a mota. Wake yana son kulawa: a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam yadda iska ba ta shiga, ƙwari ba za su taɓa shi ba. Albasa ma lokacin da ta Galmi ta cika kasuwa uwargida takan saya da yawa, ta yanka ta shanya, haka tumatir da kuɓewa. Shinkafa da mai da sabulu kuwa buhu da jarka da kwali muke saye farkon wata.

Sai ragon layya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Turaku saura kwana uku salla ya san yadda dillalai ke kallon mai albashi. Mu yanzu wata 4 ko 5 kafin salla muke sayen ɗan tsaka-tsaki a kasuwar ƙauye, a ɗaure shi a bayan gida, dusa da harawa da sauran tuwo su yi aikinsu. Sai dai a yi masa allura, kuma a lissafa kuɗin abincinsa da gaskiya, don a rani harawa ma kuɗi ce. Layya ga mai hali ce. Ba a ce ka ci bashi don maƙwabta su ga ƙahon ragonka ba.

Kuran, wato wutar lantarki, yana da nasa lokaci. Afrilu da Mayu takardar kamfanin wuta na NIGELEC kan ninka, kuma ba zan ce wa mai jariri ya kashe fanka a zafin Yamai ba. Abin da muka yi shi ne muka canza ƙwayaye zuwa marasa cin wuta, muka koma kwana a tsakar gida cikin gidan sauro kamar yadda muka tashi, na'urar sanyaya ɗaki kuwa muka ɗage sayenta. Firiza ce kaɗai muka saya, ita ma don sana'a: uwargida tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo da lemun citta, kuma a watannin zafi da azumi abin da take samu yana biyan wutar har ya bar saura.

Biki da suna su ne wurin da ya fi wuya, kuma a nan nake roƙon a yi hankali. Zumunci ba abin yankewa ba ne. Amma anko uku a wata ɗaya, kowanne da ɗinki da gudummawa, yana iya cinye duk abin da aka tara. Mun sa wa kanmu ƙa'ida: ana zuwa kowane biki, ana ba da gudummawa daidai ƙarfi, anko kuwa sai na ɗan'uwa na jini. An yi magana, an gaji an daina.

Idan filinku yana bakin hanya, ku yi tunanin fitar da shago ɗaya ko ɗaki ciki da falo mai ƙofarsa daban. Bulo da kwano da ƙofa, a Katako za ka ji farashinsu a yini ɗaya. Kuɗin hayar nan kada ya shiga tukunya ko sau ɗaya, ya wuce kai tsaye wurin ajiyar bashi. Haka duk wani kuɗin da ba a sa rai da shi ba: kuɗin tafiyar aiki, bashin ƙarin girma da aka biya a dunƙule, ribar wata 'yar harka. Mu rabi muke kai wa ajiya, rabi gida ya ji daɗi, domin iyalin da ba sa ganin sauƙi ko kaɗan sukan gaji su watsar da shirin.

Na shida, inda za a ajiye, da ranar kaiwa

Kuɗin da ke cikin asusun albashi ko cikin salula ba ajiya ba ne, kira ɗaya ke fitar da shi. Ku buɗe asusun ajiya daban wanda ba shi da kati, ku sa banki ya riƙa tura adadin da kansa duk wata. Tun 2014 babban bankin BCEAO ya sa buɗe asusu da samun takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata cikin ayyukan da bankuna ke yi kyauta, saboda haka ku nemi takardar ku duba. Kada kuma ku bar kuɗin ya daɗe a can da sunan yana haihuwa. Asusun ajiya a yankinmu kashi 3.5 cikin 100 yake bayarwa, bashin kuwa yana cin ninki biyu ko fiye. Da zarar ya kai abin da banki ke karɓa, ku kai.

Adashe ma hanya ce, kuma matanmu sun fi mu iya ta. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991 har ƙasashen waje sun kwaikwaya. Amfanin adashe shi ne kunya ba ta barin ka ƙi zubi. Sharaɗi biyu ne: uwar adashe ta zama wadda aka sani shekara da shekaru, kuma ranar kwasa kuɗin kada ya kwana biyu a gida. In za ka iya roƙon kwasar farko-farko, ka roƙa, tunda mun ga abin da wuri yake yi.

Ranar kaiwa, ka tafi da wasiƙarka mai cewa kuɗin nan na rage uwar bashi ne kuma a gajarta wa'adi. Ka karɓi rasit. Bayan kwana kaɗan ka koma ka karɓi sabon jadawali, ka duba da idonka cewa abin da ya rage ya sauka, kuma ranar ƙarewa ta matso. Ka tambaya ko kuɗin asiransi ma zai ragu, tunda bashin da yake karewa ya ragu. Mu muna manna sabon jadawalin a cikin murfin akwatin uwargida, duk wata ta ja layi da biro a kan wanda ya wuce.

Game da 'yan'uwa

Ranar da aka ji ka gina gida a Yamai, an gama yanke hukunci cewa ka samu. Buƙatu za su ƙaru. Abin da nake aika wa iyaye ban taɓa rage shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya rage. Gidan da aka biya da yunwar uwa ba shi da albarka. Sauran buƙatu kuwa mun ware musu adadi a wata, in ya ƙare ya ƙare. Kawuna ya taɓa kira yana son in sa hannu a wata harka. Na ce, "Kawu, ka yi mini aikin gafara, gidan nan har yanzu na banki ne, takardarsa ma tana hannunsu." Ya yi shiru, ya ce, "Ashe haka ne? Allah ya raba ka da shi lafiya." Gaskiya ta fi ɓoye-ɓoye sauƙi, don yawancin mutanenmu sun san nauyin bashi.

Idan an zuba na ƙarshe

Kada ka ɗauka saƙon salula ya wadatar. Ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai hatimi da sa hannu. Ka tabbatar an tsayar da cira daga albashi da kuma kuɗin asiransi, ka duba wata biyu a jere. Sannan ka nemi takardar ɗage jingina. Muddin ba a kai ta an soke jinginar a ofishin da ke riƙe da rajistar filaye ba, a rubuce gidanka yana nan a jingine, ko da ka biya har dala ta ƙarshe, kuma ranar sayarwa ko rabon gado abin zai taso. Wannan aiki yakan bi ta hannun noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, yana da kuɗinsa, saboda haka ka tanade shi tun ana saura wata 3. Ka karɓo asalin takardar filinka, ko titir fonsiye ce ko takardar mallaka ta magajin gari, ka duba suna da lambar fili harafi-harafi. Ka yi kwafi biyu a buga musu hatimin tabbatarwa, ɗaya a gida, ɗaya wurin wanda ka yarda da shi, asalin kuma a sa a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a sama inda ruwan damina da gara ba sa kaiwa, kuma uwargida ta san inda yake.